In Cire Rediyon Kunne a Tudun Ƙarshe?

Anti mai fili, don Allah ki taimaka min da shawara kafin watan nan ya ƙare. Abin da ke raina ba zan iya faɗa wa kowa a gidan da nake zaune ba, 'yan uwana kuma kowa ya riga ya ɗauki ɓangare.

Ni ɗan tseren keke ne, na kan titi. Na san wasu masu karatu za su yi dariya su ce keke ma har sana'a ce? Sana'a ce, Anti, kuma na iya ta. Ba cika baki nake ba. Shekarata goma sha tara, kuma tun ina yaro ba wanda ke riga ni kaiwa saman tudu a garinmu, har manyan da suka koya min. Yayana ne ya fara ɗora ni a kan keken tsere, nasa ne ma, sai da ya sauke sirdin har ƙasa kafin ƙafata ta kai feda. Bara wata ƙungiya mai renon matasa ta ɗauke ni, ta kawo ni wata ƙasa, ta haɗa ni gida ɗaya da samari daga ƙasashe daban-daban, kowa zakaran garinsu. In kin shiga kicin ɗinmu da safe sai ki rantse kasuwa ce ta ci. Harshe kala-kala, kowa na auna abincinsa a sikeli kamar mai sayar da zinariya, kekuna kuma a rataye a bangon falo inda mutanen kirki ke rataya hotuna. Suna kirana Sauro saboda rashin jiki. Ban damu ba, rashin nauyin nan shi ne jarina in an zo hawa.

Bari in ɗan yi miki bayani. A tseren nan mutum ɗaya ke ɗaga kofi, amma ƙungiya ce ke tafiya tare. Koci yakan zaɓi mutum ɗaya ya ce shi za a yi wa aiki. Sauranmu sai mu shiga gabansa mu tare masa iska, mu koma mota mu ɗebo masa gorar ruwa, in tayarsa ta yi faci ka sauka ka ba shi taka. Kowa da 'yar rediyo a kunne, koci na biye da mu a mota yana ba da umarni.

Wanda ake yi wa aiki a wurinmu shi ne abokin ɗakina. Injin muke ce masa, don in ya kama titi shimfiɗaɗɗe ba ya sanin gajiya. Ba yarenmu ɗaya ba, da guntayen kalmomi da nunin hannu muke hira, amma ba ni da aboki kamarsa a nan. Da na zo tsoron gangara nake ji, kullum hannuna a kan birki. Shi ya riƙa fita da ni da hantsi muna hawa muna gangarowa har tsoron ya sake ni. Ranar da na faɗi kwalta ta ɗaye min kwatangwalo, shi ya riƙa canja min bandeji yana tsokanata wai sauro ma ashe yana da jini.

To ga inda matsalar take. A tseren da muka yi kwanan baya, mun iso tudun ƙarshe ina gaba ina jan sa. Sai wasu biyu daga wasu ƙungiyoyi suka ɓalle suka yi gaba. Anti, wallahi ƙafafuna a cike suke, ko haki ban fara ba. Na waiga na ga Injin bakinsa a buɗe, kafaɗunsa na rawa. Koci ya yi ta ihu a kunnena in jira shi, in jira shi. Na jira. Ina kallon mutanen nan suka sha kwana suka ɓace. Na ja shi har kusa da layi, ya shigo na biyar, ni ko sunana ba a ambata ba. Koci ya dafa kafaɗata ya ce na yi aiki mai kyau, shi ke nan.

Muna loda kekuna a mota sai wani mutum ya matso kusa da ni, irin waɗanda manyan ƙungiyoyi ke turowa neman matasa. Ya ce ya ga yadda nake hawa ina waige, ya ce a babban tseren ƙarshen kaka in nuna masa abin da zan yi in ban waiga ba. Daga nan ya tafi. Tun ranar maganar nan take min yawo a kai.

Babban tseren kuwa ya ƙarato, kuma tudu ne zalla, kamar don ni aka zana hanyar. Amma koci ya tara mu ya ce Injin za a sake yi wa aiki. Da na gaya wa Yaya a waya sai ya hau faɗa. Ya ce bai sauke min sirdi don in zama mai ɗebo wa wani ruwa ba, ya ce in an iso tudun ƙarshe in cire rediyon in jefa a aljihu in taka, in na ci ba kocin da zai iya buɗe baki. Umma kuma cewa ta yi kada in ci amanar mutanen da suka riƙe ni, sannan ta koma tambayar ko ina cin abinci, don a hoto ta ga wuyana ya ƙara tsawo.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan. Shekaranjiya muna wanke kekuna a bayan gida, ina goge kaca yana riƙe da tiyo, sai Injin ya ce min bana ce shekararsa ta ƙarshe a rukunin matasa. In bai samu kwantiragi ba gida zai koma, ya shiga aikin gini tare da babansa. Bai roƙe ni komai ba. Ya dai ce ya san ba don ni ba da bai kai na biyar ba, ya ci gaba da fesa ruwa.

Anti, na san na fi shi hawa. Shi ma ya sani, ina jin koci ma ya sani. Ina da yaƙinin in na tafi zan ci. Amma in na tafi, da wane ido zan kalle shi a ɗaki? In kuma na sake jira, wa ya ba ni tabbacin mutumin nan zai dawo baɗi? Faɗuwa ɗaya kan raba mutum da wannan sana'a. In cire rediyon ko in bar ta?

Naki,
Sauro

*

Ɗana Sauro,

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abu na farko da zan ce maka shi ne kada ka bari kowa ya sa ka ji kunyar yarda da ƙafafunka. Wanda ya bar gida ya je wata ƙasa ya zauna cikin zakaru, in bai yarda da kansa ba to yawon buɗe ido ya je. Burinka halal ne. Yayanka ma ba laifi ya yi ba, so ne ya sa shi zafi.

Amma kada ka cire rediyon nan a ɓoye. Dalilina ba tausayi kaɗai ba ne, lissafi ne. Kai da bakinka ka ce tseren na ƙungiya ne. Kafin ka iso tudun ƙarshe, wasu ne za su tare iska su ɗebo ruwa, bisa yardar cewa kowa zai tsaya inda aka ajiye shi. In ka ci da guminsu ba da saninsu ba, kofin naka ne, amma sunan da zai bi ka shi ne yaron da ba ya jin umarni. Manyan ƙungiyoyin da kake hange su ma da rediyo suke aiki, kuma kociyoyi suna magana da juna. Sannan ka ce in ka tafi za ka ci. Mai yiwuwa ne. Amma ba ka taɓa tsayawa kai kaɗai a gaba a irin wannan tsere ba, iska na dukanka, ayari na binka. In ka ɓalle suka kamo ka kafin layi, ka rasa kofi, ka rasa koci, ka rasa aboki a yini guda.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, shirun da kake yi ba biyayya ba ce, cutar kai ce. A duk wasiƙarka ban ga inda ka zauna da koci ka ce masa kana son dama ba. Ka gaya wa Yaya, ka gaya wa Umma, ka gaya min, ka bar mutum ɗaya tilo da ke da ikon canja tsarin.

Ga abin da za ka yi. Fara da Injin, kafin kowa. Ka same shi ku biyu ka faɗa masa gaskiya: za ka yi masa aiki da dukkan ƙarfinka, amma za ka nemi koci ya sake ka idan ƙafarsa ta gaza a tudun ƙarshe. Zai ji zafi, ka bar shi ya ji. Mutumin da ya iya cewa ba don kai ba da bai kai na biyar ba, mutum ne mai iya ɗaukar gaskiya. Kuma ka sani makomarsa ba a wuyanka take ba. In sai ka rage gudu zai samu kwantiragi, to ba zai daɗe da ita a hannu ba, kuma shi ma ya san haka.

Daga nan ka je wurin koci, da ladabi amma ba da rawar murya ba. Kada ka ce ka fi wane. Ka roƙi abu biyu: ya gwada ku a kan tudu a lokacin atisaye ya gani da idonsa, sannan a yi sharaɗi tun kafin a tashi cewa muddin Injin na da ƙarfi kai mai yi masa aiki ne, in ya sare kuma a ba ka hanya. Wannan ribar ƙungiya ce, domin jiran da aka sa ka yi wancan karon bai kawo musu kofi ba. Ka kuma gaya masa maganar mutumin da ya same ka wurin mota. Gara ya ji daga bakinka. Shi kuma wancan, in da gaske yake, ya san ƙofar da ake bi. Magana a tsaye ba alkawari ba ce, kada ka rushe abin da ke hannunka saboda ita. Ka lura ma, kana yi wa wani aiki ne mutumin nan ya hango ka, ke nan masu ido suna ganin mai ja kamar yadda suke ganin wanda ake ja.

In koci ya ƙi fa? Ka yi aikin da aka ba ka, ka yi shi yadda kowa zai tambayi wane ne wannan siririn da ke gaba. Bayan tsere ka nemi a sa maka ranar da za a yi maka aiki kai ma. In an hana, kaka ta ƙare, sai ka nemi wata ƙungiya ka fita ta ƙofar gaba, kowa na maka fatan alheri. Shekara goma sha tara ba ƙurewar lokaci ba ce, ko da yake na san a wurinka kamar gobe za a rufe titi.

Kada ka kai gobe ba ka yi magana da abokinka ba. Allah ya tsare ka a hawa da gangara, ya ba ka ranarka kana mai ɗaga kai, ya kuma buɗa wa Injin tasa ƙofar.

Antinku mai fili