Makullin Waifai da Bakin Baba

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa wa aikinka albarka. Mu nan alhamdu lillahi. Mama dai gwiwa ce ke taɓa ta, Baba kuma hannun dama ya fara motsi. Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zance.

Maganar na'urar waifai ɗin da ka aiko ce, wadda aka sa domin likitar da ke koya wa Baba magana ta bidiyo tun bayan shanyewar jikinsa. Makonnin nan ba mu ji da daɗi ba. Baba zai tattaro ƙarfinsa zai furta kalma, sai hoton likita ya daskare, sabis ya ɗauke. A zaman ƙarshe ta faɗa mini ba ɓoye-ɓoye cewa marasa lafiya na jira a layi, idan na Alhamis ma ya katse za ta ba wani gurbin Baba.

Na kashe na kunna, na raba ta da bayan firji na dawo da ita tsakiyar falo, duk a banza. Sai na kira mai gyara. Ya buɗe shafin na'urar, ya nuna mini wayoyin da ke hawa sabis ɗinmu, jeri guda har ƙasa, ya tambaye ni ko otal muka buɗe. Mama ce ta fasa ƙwai. Ashe idan na tafi aiki, duk wanda ya zo dubiya, tunda Baba ba ya iya ce masa sannu da zuwa, sai ya sa a miƙo masa na'urar, ya kife ta, ya nuna wa baƙo kalmar sirrin da ke manne a ƙasanta. Tela, mai aski, 'ya'yan maƙwabta, kowa ya samu, kuma daga ƙofar gidajensu suke kallon bidiyo. Ka san Baba da kyauta, ita kaɗai ta rage masa.

Na daure zuciya na ce a rufe. Mai gyara ya canza kalmar sirri, ya canza ta shiga shafin na'urar ma, wadda ba a taɓa ba tun daga kamfani. Da aka zo zaɓen nau'in makullin tsaro ya ce wanda ake kira WPA3 ya fi ƙarfi, na ce a sa shi. Nan take tsohuwar wayar Baba ta ƙi hawa, ita ce kuwa kaɗai yake iya riƙewa da hannun hagu. Dole muka koma tsohon nau'in, WPA2, da doguwar kalmar sirri, sabis kuwa ya daidaita, ba yankewa.

Washegari tela ya zo gaisuwa. Baba ya kife na'ura kamar kullum, tela ya gwada ya sake gwadawa, ya yi murmushin yaƙe ya tafi. Baba ya dube ni sau ɗaya, ya juya fuska bango. Ranar ko abinci bai taɓa ba.

Ranar Alhamis hoton likita ya fito tar, muryarta garau, amma Baba ya ƙi kallon wayar. Ta lallashe shi, ta nuna masa hotuna, shiru. Ina ganin ta tana duba agogo, na ce a raina na gyara sabis na ɓata mai amfani da shi. Har ta fara cewa wataƙila a dakata da zaman, sai Baba ya juyo, ba wurinta ba, wurina. Jijiyar wuyansa ta tashi, ya ce, "Ki... buɗe... wa mutane."

Yaya, tun da ya kwanta bai taɓa haɗa jimla ba sai ranar. Likita ta roƙe shi ya maimaita, ya maimaita da ƙarfi, yana harara ta. Mama ta toshe baki da gyale tana kuka, ni ma ban riƙe nawa ba. Gurbinsa dai yana nan.

Mai gyara ya dawo ya buɗe wa baƙi sashensu daban da kalmar sirrinsu, ina kashe shi ne kawai lokacin zaman likita. Ita likitar kuma ta hana a manna komai a ƙasan na'ura, ta ce wanda ke so ya ji daga bakin maigida. Jiya tela ya dawo, ya zauna riƙe da waya, Baba na faɗa masa harafi-harafi yana gumi. An daɗe, amma bai bari kowa ya taya shi ba.

Ka gaida mini Anti, da ɗiyata Sarkin Surutu, da jariri. Mama na sa muku albarka. Ka kira Baba ranar hutunka, kuma don Allah wannan karon ka bar shi ya kai ƙarshen zancensa.

Ƙanwarka,
Auta