Lambar da Ke Zuwa Wayarka

Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya kai da iyali. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan kalau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana zuwa shago ta zauna kusa da tukunyar sabulu tana yi mini gyara kamar jiya na fara sana'ar.

Ba zan ɓoye maka ba, da fushi nake rubutun nan. Ka tuna kamfanin aika saƙon imel da ka buɗe mini asusu a wurinsu shekara shida da suka wuce, don in riƙa sanar da kwastomomi idan sabon sabulu ko man shafawa ya fito? To, sun sake ƙara kuɗin wata, karo na uku a shekara biyu, yanzu ya kusa kamo hayar shagon. Na rubuta musu, suka amsa wai sun inganta aiki ne. Ni dai launin shafinsu kawai na ga ya sake. Tura ta kai bango, na samu wani kamfanin da zai karɓi ƙasa da rabi, kuma na riga na shaida wa na farkon cewa ƙarshen wata zan bar su.

Da yake a kan yawan sunaye suke yanka kuɗi, sai na zauna da kwamfuta ina tace jerin. Yaya, sunaye dubu huɗun da kake yi mini alfahari da su ashe taron tsintsiya ne ba shara. Fiye da dubu uku ba su taɓa buɗe saƙona ba. Tsofaffin abokan aikinka ne da ka kwaso daga wayarka don jerin ya yi kauri, wasu ma adireshinsu ya daɗe da mutuwa. Shekara shida ina juya tukunya, hannuna na saɓulewa, ina biya musu kuɗin zama! Inna ta ce in yi haƙuri, da kyakkyawar niyya ka yi. Na ce mata na sani, amma niyyar ba ta taɓa sayen sabulu ko ɗaya ba.

Mutum ɗari takwas ne kwastomomina na gaske, kuma da su nake ciyar da gidan nan. Da na zo sauke sunayensu in kai sabon wurin, sai kamfanin ya ce zai tura lambar sirri zuwa wayar mai asusu. Wayarka ke nan, domin da lambarka ka buɗe, ka ce ni ba zan iya ba. Sau tara na kira, ba ka ɗauka ba. Idan wata ya ƙare za su rufe asusun da sunayen a ciki, saura mako uku. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka kira ni, in danna, ka karanto mini lambar, ko minti biyu ba za a yi ba.

Za ka yi mamakin ganin takarda da biro ta hannun surukinka, wato maigidana, maimakon imel. Dalili shi ne, cikin waɗanda ba su taɓa buɗe saƙona ba na ga adireshinka. Ko wanda na sa hoton Inna ranar da muka buɗe shago ba ka buɗe ba. Wannan ya fi ƙarin kuɗin yi mini ciwo. Na goge sauran duka, na kai kan naka na kasa. Don haka ɗari takwas da ɗaya zan kai sabon kamfanin, kuma ni zan ci gaba da biyan kuɗin zaman ɗayan nan naka.

Ka gaida Antinmu da 'yan biyu da takwarata. Inna da Kawu da maigidana suna gaishe ka. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka mai sabulu,
wadda ke jiran waya.