Mutumin da Ya Kaɗe Baban Auta

Lahadi, 3 ga Maris

Ya fito. Ɗan shugabar mawaƙa, wanda ya kaɗe mijina, Baban Auta, da mota yana cikin maye, ya kashe shi. Yau na gan shi a coci kusa da uwarsa, ya rame, kai a aske. Fasto ya ce a gode wa Allah, ɗan'uwanmu ya gama zaman kurkuku. Aka ce amin. Ban tsaya addu'ar rufewa ba.

Litinin, 4 ga Maris

Na ɓata wa wata mata yadi a shago. Hannun riga biyu na yanka, duka na hagu.

Lahadi, 10 ga Maris

Ban je ba. Na ce wa Auta kaina ke ciwo. Kallona kawai ta yi, ta ɗauki jakarta.

Alhamis, 14 ga Maris

Fasto ya zo shago, ya zauna a kujerar da ke gefen keken ɗinki. Wai dokar da aka ba Musa kamar madubi take, tana nuna wa mutum dattin fuskarsa amma ba ta wanke shi. Sai alheri.

Na ce, "Baba Fasto, ni dai dokar nake so. A kotu an kira sunan mijina, an faɗi abin da aka yi masa. Ku kuna ta alheri, alheri, ko sunansa babu wanda ya ambata."

Sai ya ce Allah ya yi wa Ibrahim alkawari yana sane sarai jikokinsa za su karya, duk da haka bai janye ba.

Na ce ai shi Allah ne. Ni tela ce.

Da zai tafi ya ce, "Maman Auta, ya kamata mu zo gare ki tun kafin waccan Lahadin. Mun yi miki laifi." Da gardama ya yi da ya fi mini sauƙi. Bayan fitarsa na kasa zura zare a allura.

Asabar, 23 ga Maris

Shugabar mawaƙa, uwarsa, ta zo gida. Ta durƙusa a bakin ƙofa, matar da muka shekara muna tsayawa kafaɗa da kafaɗa a layin mawaƙa. Duk ta yi furfura, yaushe?

"Yaya, ban zo roƙon komai ba. Na kasa zama ne."

Ta ce ba ya iya shiga gaban mota, ko abinci sai ta tsare shi. Na ba ta ruwa. Ban ce ta shigo ba.

Bayan ta tafi Auta ta ce, "Mama, in jinin sabon alkawarin nan bai isa ya rufe zunubinsa ba, ta yaya zan san ya rufe na Baba? Baba ma ba mala'ika ba ne."

Saura kaɗan in mare ta. Na shiga ɗaki na tura ƙofa.

Laraba, 27 ga Maris

Na fara addu'ar Ubangiji. Da na zo wurin gafara, harshena ya tsaya.

Lahadi, 7 ga Afrilu

Na je. Da gangan na makara, na zauna a bencin baya. Ashe akwai wanda ya fi ni makara: ɗan shugabar mawaƙa. Mai zaunar da mutane sabo ne, bai san komai ba, ya nuna masa gurbin da ke gefena. Da ya gane ni ya yunƙura zai tashi, sai aka fara addu'a. Ya zauna a can bakin benci.

Ranar jibin Ubangiji ce, na manta. Tiren ƙananan kofunan ya taho ta ɓangarena. Na ɗauki nawa. Babu kowa bayana a bencin sai shi. Bai miƙo hannu ba, kansa a ƙasa.

Na ce, "Karɓi mana."

Ya karɓa da hannu biyu.

Ba yafewa na yi ba. Tiren ne da nauyi, hannuna ya gaji.