Haƙorin bilendata ne ya yanki Baba, amma mai nono ake zargi

Assalamu alaikum Anti mai shafi, da duk wanda zai karanta. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna, don zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni 'yar Gaya ce, ina aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma, ina da aure da yara uku, kuma gidana da na mahaifina unguwa ɗaya. Tun da mahaifiyarmu ta rasu shekara biyu da suka wuce Baba ya daina cin abincin kirki. Haƙora sun zube, tuwo sai an yi ta lallashi, fura kaɗai ke shiga cikinsa. Ga shi mutum ne mai kafiya, ba ya shan abin da inji ya taɓa, ya ce ƙarfe na kashe ɗanɗano. Shekara arba'in mahaifiyarmu na dama masa a ƙwarya da ludayi. Matan yayyena duk sun gwada, ya kurɓa ya ture, wai da gudaji. Sai aikin ya faɗo kaina, kullum da azahar in baro ofis, in dama, in koma. Duk wadda ta taɓa dama fura har ta yi sumul ta san ba wasa ba ne, hannu ya yi tsami, waya na ta ƙara ana nemana a ofis, shi kuma yana zaure yana jira.

Ita bilendar nan wallahi ba don Baba na saye ta ba. A waya nake ganin mata na haɗa ayaba da madara a 'yar kwalba, a danna ta markaɗe a sha a ciki, sai abin ya shiga raina. Na je wani shago a cikin gari, mai shagon ya jera min kala uku. Babbar sai da wuta ko janareta, na ce a kai kasuwa, mu da muke ganin wuta kamar baƙuwa. Ta tsakiyar mai caji ce, haƙoranta shida masu kauri, sai dai kuɗinta ya kusa ninka na ƙaramar. Ƙaramar ma mai caji ce, ruwan hoda, haƙora huɗu sirara, tana shiga jakar hannu. Ita na ɗauka. Mutumin nan bai cuce ni ba, don sai da ya ce, “Hajiya, wannan ta ayaba ce da kankana. Kar ki sa mata ƙanƙara ko wani abu mai tauri, ba za ta ɗauka ba.” Na yi dariya na ce, “Malam, so kake dai ka tallata min mai tsadar.” Ya ce, “To, na dai faɗa.”

Wata rana na makara ƙwarai, ga ta a jaka, sai shaiɗan ya ce min gwada mana. Na shiga ɗakin marigayiya na tura ƙofa, na marmasa furar na zuba nono, na naɗe kwalbar da zane don ƙarar, ko da yake kunnen Baba ya yi nauyi. Minti biyu ta gama. Na juye a ƙwarya na tsoma ludayi na kai masa. Ya sha, ya sake sha, sai na ga hawaye a idonsa. Ya ce, “Uwata, yau na sha furar mahaifiyarki.” Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa min. Ku gaya min, a nan ne zan buɗe baki in ce inji ne? Wata bakwai ina yin haka. Ya yi kumari, yana gaya wa duk wanda ya zo gaishe shi cewa hannun 'yarsa ne ya tashe shi, ni kuma ina sunkuyar da kai ana ce min mai albarka.

Sati uku da suka wuce ana zafi sosai, furar ta kwana ta yi tauri, na ƙara da dabino da ƙanƙara don ta yi masa sanyi. Ina dannawa na ji ƙas. Na ɗauka ƙwallon dabino ne, ga sauri ina yi, ban duba ba, ban tace ba, na juye na kai. Ina ɗaura ɗankwali zan fita na ji salatinsa. Na tarar da jini a gemunsa, ya tofo wani ɗan ƙarfe siriri mai kaifi, ya tsaga masa harshe da dasashi. Sai da aka yi masa ɗinki a asibiti, kwana takwas ruwan shayi kawai yake iya haɗiya. Da na dawo gida na buɗe kwalbar, haƙora uku ne suka rage. Kun san abin da na yi? Na jefa ta a masai. Ko mijina bai sani ba.

Babban yayanmu shi ya ɗauki ƙarfen, ya juya shi ya ce guntun reza ne, kuma a cikin curin fura ya zo. Wa ke kawo mana fura da nono? Goggo Dije, wata dattijuwar Bafulatana daga wata ruga wajen Gafasa. Sama da shekara ashirin tana shigowa gidanmu, ƙawar mahaifiyarmu ce, kowace haihuwa na yi sai ta kawo min man shanu kyauta. Da wannan ƙwaryar take riƙe da jikokinta marayu. Washegari ta yi sallama da fara'arta, Yaya ya tare ta a ƙofar gida ya yi mata tas a gaban mutane. Ina tsakar gida ina jin muryarta tana cewa, “Alhaji, ka ji tsoron Allah, me zan yi da reza a turmin fura?” Ban fito na kare ta ba. Na ce a raina bari ƙura ta lafa, gobe zan faɗa. Goben nan ita ce har yau.

Magana kuwa ta fi ƙarfina. Wasu na cewa sakaci ne, wasu na cewa turo ta aka yi da asiri don Baba ya taɓa shiga rikicin gona da makiyaya. Yanzu duk unguwarmu ba mai sayen nononta, har a kasuwa mata na jan 'ya'yansu daga gabanta. Baba kuma da ya fara iya magana, abin da ya fara faɗa shi ne, “Kar wanda ya ɗora wa Uwata laifi, ita da ludayi take damawa kamar uwarta.” Yanzu da ludayin nake damawa da gaske, ya kurɓa ya ce bakinsa ne bai dawo daidai ba, ya ajiye. Yana ta ramewa a gaban idona. In na faɗi gaskiya, ba ƙarfen kaɗai zan amsa ba, zan gaya wa tsoho ɗan shekara tamanin cewa wata bakwai ina yaudararsa da sunan matarsa da ta mutu. Anya zai ƙara karɓar ko ruwa daga hannuna? In kuma ya daina shan furar gaba ɗaya, me zai ci? Yaya kuwa na san halinsa, har gidan mijina sai ya kai maganar. Ina sallah ina kuka, amma da wane baki zan roƙi gafara alhali matar da na zalunta tana yawo da nonon da ba mai saye?

Yaya ya kai ƙara wurin mai unguwa, an sa zama ranar Asabar. Jiya na fito daga ofis na tarar da Goggo Dije zaune a gindin bishiyar bakin ƙofa, ƙwaryarta cike, ko buɗe ta ba a yi ba. Tun safe take jirana. Na durƙusa na gaishe ta, ta kama hannuna ta ce, “'Yar nan, ke kaɗai ce shaidata. Ke kika dama da hannunki. Da ƙarfen nan a cikin furata yake, ai da ludayinki ya ji shi tun kafin ya kai bakin Malam. Na gaya wa mai unguwa ba sai an ba ni Alƙur'ani ba, a tambaye ki kawai, ke ba kya ƙarya.” Na ce, “To, Goggo.” Ta sa min albarka, na taya ta ɗora ƙwaryar a kai, ta kama hanyar tasha.

Yau Alhamis. Jibi za a zaunar da ni tsakanin Baba da ita a tambaye ni yadda na dama furar ranar. Jama'a, don Allah, me zan yi?