Bokitin Ƙaguwar Sindre

Litinin, 8 ga Yuli
Mun iso ɗan gidan katako na bakin teku. A littattafan soyayyar da nake karantawa, ɗan miji yakan rungume amarya tun babi na uku. Sindre ɗan mijina Torstein kuwa shekararsa tara, wata biyar da aurenmu bai taɓa kiran sunana ba. "Ke" kawai.

Laraba, 10 ga Yuli
Yini yake a kan gadar jiragen ruwa yana kamun ƙaguwa: zare, abin maƙale shanya, guntun kifi. Yakan tara su a jan bokitin marigayiya mamarsa, da yamma ya sake su a gangare su yi tsere zuwa ruwa. Na zauna gefe da littafina. Ya ce, "Sun yi auren, ko har yanzu kuka suke?" Na karanta masa shafi ɗaya da ƙarfi. Ya ce shirme ne. Amma bai matsa ba.

Alhamis, 11 ga Yuli
Ruwan sama. Burodi da cuku, shiru.

Asabar, 13 ga Yuli
Ya ba ni tsaron bokiti, zai je shago da babansa! Ya ce a bar shi a inuwa, kuma a riƙa sauya ruwa. Ni kuwa matuƙin jirgin cikin labarin ya dawo daga tafiya, na manta da duniya. Da na ɗago, rana ta cinye inuwar, ruwa ya yi ɗumi, ƙaguwa sun daina motsi. Na faɗa teku da siket ɗina, ina ɗebo mai sanyi, ina zuba musu ciyawar ruwa, ina ba su haƙuri kamar mahaukaciya. Haka suka same ni. Torstein ya ce, "Masoyiya, wanka da kaya?" Sindre bai yi dariya ba. Ɗaya ta mutu. Ya ɗauki bokitinsa ya tafi.

Lahadi, 14 ga Yuli
Ban fita ba. Na kasa karatu.

Talata, 16 ga Yuli
Da safe na ga zaren kamun ƙaguwa na biyu a kan takalmina. A gada ya ce, "Mama ma ta taɓa kashe uku. Solveig, ja a hankali mana, za ki kayar da ita!" Ƙaguwata ce ta zo ta ƙarshe a tsere, ya sa mata suna Amarya.
Wai shi zai karanta mini babin ƙarshe gobe, don in sa ido a bokiti. Ban ma leƙa ƙarshen ba. Ba wani abu ba ne, sunana kawai ya kira: Solveig. Hannuna sai ƙarnin kifi.