Kukan Dinya Ya Fito da Baba daga Kwazazzabo

Dagmanet, Agadez

Zuwa ga Yaya Ashiru a Dirkou,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Yaya Khadijat da yara. Allah ya ƙara buɗi, ya tsare ku da sharrin hanya. Mu nan lafiya lau, damina ta yi albarka, har bangon bayan gida ya jiƙa ya zube, amma an gyara.

Na ba Nasiru direban kamiyo, babbar motar kaya, wannan saƙo ne domin rezon waya ya yanke mana magana tun ban gama ba, kuma na ji an faɗa maka wai bayan Baba ya karye. Yaya, ka kwantar da hankalinka, kada ka bar aikinka ka kamo hanya. Baba yana nan zaune a zaure yana shan shayi, targaɗe ne kawai a idon sawu. An kai shi gidan likita, lokotoro ya ɗauki hoton ƙashi, ya ce babu karaya.

Ga yadda abin ya faru. Ka san tun da haƙoransa suka zube ya daina iya kiran tsuntsu da baki, abin kuwa yana cin ransa ko da bai faɗa ba. Bana sai ya samo guntun tiyo na ruwa, ya yanka kamar tsawon yatsa, ya goge bakin da dutse. Ya yanko robar safar hannu irin ta likita, ya rufe rabin bakin da ita, ya ɗaure tamau. Idan ya ɗora leɓe ya hura, sai ka rantse dinya ce. Kafin ya gane kan abin mun sha wahala, domin talotalon maƙwabciyarmu Zuwaira amsa masa yake yi daga safe har yamma, har ta aiko ta ce a roƙi Baba ya ji tausayin kunnuwanta.

Da tafkuna suka cika yamma da gari, ya matsa wa maigidana Chaibou sai ya kai shi can bisa moto, wato babur. Na hana, ya ce shi da ya yi farauta tun ban zo duniya ba, ba ni zan koya masa daji ba. Hali zanen dutse. Da suka isa ya ce Chaibou ya tsaya wurin moto kada ya kore masa tsuntsu, shi kuma ya zaga ta bakin wani kwazazzabo da ruwa ya ci. Ƙasar ta rufta da shi, ya faɗa ciki, bindigarsa ta tsaya a sama.

Chaibou ya ce ya jira har rana ta take, Baba bai dawo ba. Ya yi ta zagaye yana kiran suna, iska na kwashe muryarsa. Baba ma ya yi kira daga ƙasa har maƙogwaronsa ya bushe, ba a ji ba. Sai ya tuna tiyon yana rataye a wuyansa. Chaibou ya ce ya daɗe yana jin kukan bai kula ba, ya ɗauka dinyar gaske ce, har sai da ya lura kukan yana fitowa daga inda babu ruwa, kuma tari yana biyo bayansa. Wasu makiyaya ne suka taimaka da igiya aka jawo shi, suka ɗora shi kan jaki zuwa hanya. Allah ya saka musu da alheri, ko sunayensu ba mu sani ba.

Da na gan shi duk laka, sai na zauna ina kuka ina godiya ga Allah. Shi kuwa dariya yake yi. Ya ce lalle in rubuta maka cewa yana kwance cikin ramin nan yana busa, sai ga dinya ta gaske, ƙatuwa, ta sauka a bakin ramin daidai gefen bindigarsa, ta leƙo shi da ido ɗaya, ta yi tafiyarta. Duk wanda ya zo dubiya labarin da yake ba shi ke nan, na ƙafar kuwa sai an tambaya.

Ka gaida Yaya Khadijat, da Bilyaminu, da ƴar auta Jamila. Inna A'isha da Chaibou suna gaishe ka. Idan ka samu mai zuwa, ka aiko wa Baba dabino, ya ce shi ne maganinsa. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Tabawa