Injin Jirginka Ya Tashi, Malam

Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya sa makwancinka na da yalwa da haske. Ni ce uwar yaranka, daga garkarmu ta bayan Galmi.

Labarin injinka na kawo maka, wanda ka sayo daga Gaya ta bakin kogi bayan an cire shi daga jikin tsohon jirgin ruwa, ka mai da shi na ban ruwa. Bana, muna gama dashen albasa, sai ya kama farin hayaƙi, baƙin mansa ya koma kamar kunu. Ƙanenka Sule ya ce a sayar wa masu tsohon ƙarfe, a ba da garkar haya. Amma ka san halina.

Na aika Illela aka kirawo Malam Idi, abokin aikinka na da. Ya tsufa, ganinsa ya ragu, duk da haka ya zo. Ya kwance injin a kan tabarma, ya nuna mini jwan, shimfiɗar nan da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ta ƙone. Ya ce sabuwa ba ta wuyar samu. Abin da ya dame shi bulon ne, ƙusoshin nan masu zare da ke riƙe kan, don wasunsu sun ratsa har hanyar ruwa. In ba a shafa wa zarensu gam ɗin da ya dace ba, ruwa zai bi ya sake garwayewa da mai. Ya san akwai gam ɗin da ka yarda da shi, sunan ne ya ɓace masa.

Ni ma ban taɓa sanin sunan ba. Warinsa na sani. Kakan dawo da azahar ka wanke hannu da sabulu har ka gaji, amma sai na ji shi a bakin kwanon tuwo. Na yi maka mita a kansa shekaru.

Sai na shiga mota zuwa Konni. Mai shagon kayan inji ya miƙo mini jan silikon, ya ce shi kowa ke saye yanzu. Nan maganarka ta faɗo mini: “Jan nan in ya bushe ɓantarewa yake, ya toshe hanyar mai. A kwanon mai kaɗai nake sa shi, shi ma ɗan kaɗan.” Na roƙe shi ya buɗe mini sauran in shinshina. Ya dube ni, ya dubi furfurata, ya yi haƙuri ya fara buɗewa. Can ƙasan kanta ya jawo wani ɗan gwangwani mai ƙura, abin ciki ruwan ƙasa, mai danƙo. Ina kai shi hanci na ji warin nan naka, na zauna a benci. Mutumin ya ba ni ruwa, ya ɗauka rana ce ta buge ni.

Na sayo na kawo gida, Malam Idi na gani ya ce shi ne. Ya shafa wa zaren bulon ɗin a hankali, jwan kuwa ya sa ta a bushe, yana dariya yana tuna mini yadda kake cewa ita ba ta son kwalliya. Ya ɗaure daga tsakiya zuwa gefe, ya ce a bar shi ya kwana.

Kafin nan ganyen albasa ya fara sunkuyawa. Da safe Sule da kansa ya kama hannun inji ya juya. Injin ya yi tari, ya yi shiru, ya sake tari, sannan ya ɗauka da tsohuwar muryarsa. Malam Idi ya duba mai, baƙi ƙirin, babu alamar ruwa. Fangalin ƙarshe na wajen ƙaya ya riga ya mutu, sauran duk sun farfaɗo. Sule bai sake zancen sayarwa ba, washegari ma shi ya kawo gazuwal, man da injin ke sha.

Da ruwan ya biyo kwata ya taɓa ƙafata, Malam, sai na juya wajen inuwar darbejiya inda kakan zauna, don in ce maka ka gani. Na jima a tsaye kafin in ɗauki fartanya.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya shayar da kai daga ruwan da ba ya yankewa. Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna.

Taka har gobe,
Uwar yaranka.